Shekara huɗu kana jiran The Callisto Protocol kuma bai ba ka tsoro ba, ga inda matsalar take

Salamu alaikum ƙanena, da fatan an wuni lafiya. Na ga tambayarka tun shekaranjiya amma na bari sai yau da na rufe shago da wuri na samu natsuwa, don ba irin tambayar da ake sallama da layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi tun watan Disamba na 2020 da ya ga tallan farko na wasan ban tsoro The Callisto Protocol a salular abokinshi a fada wasan ya shiga ranshi, ya yi ta tarin kuɗi har sai kwanan nan Allah ya ba shi ikon sayen PS4 na hannu, anka taho mishi da faifan daga Kano, ya zauna da abokanshi a ɗaki da rana sunka gama shi cikin kwana uku kuma ko sau ɗaya gabanshi bai faɗi ba. Shi ne yake tambaya wai shi ne ya girma har tsoro ya bar shi, ko kuwa wasan ne ba shi da kirki, kuma in wani sabo ya taso ya sake sa rai ko ya haƙura da wasannin ban tsoro gaba ɗaya.

Ni shekarata 16 ina riƙe da gidan wasa a nan Maradi tun ana yayin PS2, ina gyaran inji da manet, kuma duk da cewa ƙwallo ce ke kawo min kuɗin cefane don yara FIFA da PES kawai suke nema, abin da ni nake bugawa in kowa ya watse wasan tsoro ne. Wanga da kake magana na buga shi sau biyu daga farko har ƙarshe, sau ɗaya a PS4 sau ɗaya a PS5 na wani abokina, to abin da zan gaya maka da hannuna na taɓa shi.

Ba girma ka yi ba. Dattijo mai shekara 60 ma in ya biyo ta bakin maƙabarta shi kaɗai da tsakar dare ya ji ciyawa ta motsa sai tsikar jikinshi ta tashi, gemu bai korar tsoro. Kuma ba wauta ka yi ba da ka sa rai, mu ma duk mun sa. Wanda ya jagoranci aikin, Glen Schofield, yana cikin waɗanda sunka ƙirƙiro Dead Space a 2008, wasan da har yau in ana lissafin na gaba-gaba a fagen tsoro sai an sa shi. A 2019 ya kafa sabon kamfani a Kaliforniya mai suna Striking Distance, kuɗin kuma daga Krafton na Koriya ta Kudu, masu PUBG. Ga gwani ga kuɗi, ga labari mai jan hankali, shekara ta 2320, wani direban jirgin dakon kaya Jacob Lee an jefa shi kurkukun Black Iron a kan Callisto, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, sai wata cuta ta ɓarke tana mai da fursunoni dodanni. Wa zai ji wannan bai ce an gama magana ba?

To ka tuna awarka ta farko cikin wasan, don a nan komai ya lalace. Wasan da kanshi ya zaunar da kai ya koya maka faɗa: dodo ya kawo duka ka riƙe sandar manet zuwa hagu, ya sake kawowa ka riƙe dama, ba sai ka auna lokaci ba ma, riƙewa kawai tun kafin ya ɗaga hannu ta isa, da ya gama nashi sai ka rama da kulkin lantarki uku huɗu, in alama ta fito a jikinshi ka ɗana mishi harsashi. Shi ke nan. Abin da ka koya a awa ta farko shi za ka yi ta yi har awa ta goma. Hagu, dama, duka, hagu, dama, duka, kamar mata biyu suna lugude a kan turmi ɗaya, wagga ta ɗaga waccan ta sauke. Daga lokacin da babban yatsanka ya haddace wanga kiɗan, dodo ya daina zama dodo, ya koma aiki, ka gan shi ka ce to ga wani, bari in sauke shi in wuce.

Ka kwatanta da Dead Space na 2008. A can kana injiniya ne, Isaac Clarke, cikin jirgin Ishimura, makaminka abin yankan ƙarfe ne na ma'aikata, kuma harbi a ka ko a ƙirji bai tsai da dodannin, dole ka yanke ƙafa ko hannu, ka saita a natse alhali abin yana rugowa da gudu kuma harsashinka ƙidaye yake. Tazarar da ke tsakaninka da shi ita ce ranka, duk takun da ya matso zuciyarka na ƙara bugawa. A Callisto kuwa an juya abin baya-gaba, ƙarfinka duk yana kusa, saboda haka kai ne kake tafiya wajen dodo, kai ne kake so ya matso. Ta yaya za ka ji tsoron abin da kake roƙon ya zo kusa don ka samu ka buge shi? Sannan an ƙara maka safar hannun nan ta GRP da kake ɗaga dodo sama ka jefa shi jikin bangon ƙusoshi ko cikin fanka ya mutu nan take, kuma da ka shiga ɗaki ka ga bangon ƙusoshi ka san yanzu za a yi faɗa, ɗakin da kanshi ya tona asirin abin da ya kamata ya zo maka ba zato.

Kar ka ce wai wasan sauƙi gare shi, a'a, ana mutuwa sosai. Amma dubi yadda ake mutuwar. In dodanni sun kai uku ko huɗu kamara ta manne ma guda, wani ya zagayo ta bayanka inda ba ka gani ya maka maka duka, ka tsaya yin allurar magani tana cin lokaci, ka mutu, a nuna maka yadda anka fizge ma Jacob kai, a mai da kai baya ka sake. Karo na farko ka ce subhanallahi, karo na shida kana tsaki kana danna manet ya wuce. Wannan haushi ne. Mutane da yawa suna haɗa abubuwa huɗu wuri ɗaya suna kiransu tsoro alhali kowane daban yake, akwai firgita, wato abu ya faɗo maka da ƙara ka zabura na daƙiƙa biyu, akwai ƙyama ta jini da hanji, akwai haushi, sannan akwai tsoron gaske wanda shi ne ka tsaya bakin ƙofa babu komai a gabanka amma hannunka ya ƙi tura sandar gaba. Callisto cike yake da ukun farko, na huɗun ne ya yi ƙaranci. Jinin ma ya kai har hukumar tace wasanni ta Japan ta ƙi ba shi lamba sai an rage, kamfanin ya ƙi ragewa, anka fasa fitar da shi a can. Amma mu nan da kowane yaro ya riƙe ƙafar rago ranar layya ya ga fiɗa ya taya wankin kayan ciki, jini a tele ba shi ne zai hana mu barci ba.

Ka tuna tatsuniyar da kaka ke yi mana a tsakar gida in an kashe fitila. Ta taɓa gaya maka kamannin Dodo dalla-dalla, tsawonshi kaza, haƙoranshi kaza? Ba ta faɗa. Murya kawai take canzawa ta ce ga shi nan tafe, sauran aikin kanka ne ke yi, kowane yaro da Dodon da ya ƙera ma kanshi daidai da abin da ya fi tsoro, shi ya sa in an aike ka bayan ɗaki bayan tatsuniya sai ka roƙi a raka ka. Da a ce ta kunna fitila ta nuna maka shi sau hamsin a dare ɗaya da ka saba. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Dodannin Callisto an zana su da kyau na ban mamaki, to saboda an kashe kuɗi a kansu sai anka dinga tura maka su gaban ido, kusa-kusa, cikin haske, har ka san kowane ƙurji na jikinsu, kuma irinsu ba su da yawa.

Masu tsofaffin wasanni talaucin inji ne ya taimake su. Silent Hill na 1999, PS1 ba ta iya zana abin da ke nesa, sai sunka rufe garin da hazo don su ɓoye gazawar, irin hazon hunturun nan namu da in kana kan hanyar Tibiri ba ka ganin babbar mota sai fitilarta ta iso ka, sunka kuma ba ka ƴar rediyo da ke fara shuuu in wani abu na kusa. Ka ji shi, ba ka gan shi ba, ba ka san ta ina zai ɓullo ba. Resident Evil na 1996 kuwa ko ajiye wasa sai da ribon tawada na tafireta, kuma ribon ƙidaye yake, aljihunka gurbi shida ko takwas ne dangane da wanda ka zaɓa, to kowane fita daga ɗakin ajiya shawara ce, in ɗauki bindiga ko in ɗauki magani, in ajiye yanzu ko in bari. Tsoron asara ne ke riƙe da kai. Wanda ya fi burge ni a na baya-bayan nan shi ne Alien: Isolation na 2014. Dodo ɗaya ne tal ke farautarka a mafi yawan wasan, ba ka iya kashe shi, kuma an yi mishi ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya ta san inda kake kullum amma ba ta gaya mishi kai tsaye, nuni kawai take mishi ya duba wancan gefen, ɗayar kuma ita ce tashi da yake nema da ido da kunne. Shi ya sa ba ka iya haddace shi, in ka mutu ka dawo ba lallai ya bi ta inda ya bi ɗazu ba. Na taɓa yin minti kusan goma cikin kabad a wasan nan ban motsa ba, ina jin takunshi, alhali ba abin da ke faruwa a tele sai ƴan ramukan ƙofar kabad.

Callisto ma ya gwada wani abu mai kama da haka, wurin makafin dodannin nan da ke bin sauti, kuma da na fara shiga wurin na gyara zama na ce yawwa yanzu aka zo. Sai na lura in ka duƙa kana iya soke ɗaya da wuƙa yana kururuwa na kusa da shi ko juyowa bai yi. Da na gane haka sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cirar gyaɗa. Ga kuma yawan ratsa matsatsi da rarrafe cikin bututu, wanda galibi dabara ce ta ba inji lokaci ya loda wuri na gaba, kowa na yi, amma nan ya yi yawa har kana iya ajiye hankalinka ka tura sanda kawai. Babban dodon nan mai kai biyu, karon farko ya girgiza ni, sai gashi an sake kawo shi, an sake, an kuma sake, faɗa iri ɗaya. Ƙarshen labarin kuma an bar shi a rataye, cikon sai a wani ƙari mai suna Final Transmission da ya fito a watan Yuni na 2023 wanda kuɗinshi daban. Wanda ya sayi faifai a Kano ya zo da shi Maradi ba shi da katin banki na sayayya a intanet, shi da ƙarshen labarin sai dai ya kalla a YouTube, kuma wannan ni a wurina ba daidai ba ne.

Duk da haka ba na so ka tafi da cewa mutanen nan ba su iya aiki ba ko sun yi ha'inci. Fuskar Josh Duhamel da ya fito a Jacob, zufar da ke gangarowa a wuyanshi, hasken da ke wasa a bangon ƙarfe, wurin nan da ka fita waje cikin ƙanƙara iska na kaɗawa, da sautin kurkukun in ka sa abin kunne, wallahi aikin gwanaye ne. An yi shi cikin shekarun korona, kuma a watan Satumba na 2022 Schofield da kanshi ya rubuta a Twitter cewa suna aiki kwana 6 zuwa 7 a sati, awa 12 zuwa 15 a rana, mutane sunka yi mishi ca don wannan wahalar da ma'aikata ce ba abin alfahari ba, ya goge ya ba da haƙuri. Wasan ya fito 2 ga Disamba 2022, sabon Dead Space da kamfanin EA mai shi ya sake ginawa kuma ya fito 27 ga Janairu 2023, sati takwas tsakani, ni a ganina tseren riga shi fitowa na cikin abin da ya sa anka sauke tukunyar ba ta nuna ba, kuma daga baya shi Schofield ɗin ya faɗa a hira cewa ya so a ƙara mishi ƴan watanni, kuma an yanke wasu dodanni da anka shirya. Masu kwamfuta ma ranar farko sun sha wuya, wasan na sarƙewa duk lokacin da wani sabon abu ya fara bayyana don a lokacin ne inji ke tsayawa ya shirya lissafin haske da inuwarshi, ma'ana daidai lokacin da dodo zai faɗo maka hoton ke daskarewa, kamfanin ya amsa laifin ya saki gyara. Rahotannin da sunka fito daga Koriya sun ce an kashe wajen dalar Amurka miliyan 160, kusan miliyar 100 ke nan na sefa, ana sa ran sai da kwafi miliyan 5, masu lissafin kasuwa sunka dawo da hasashen wajen miliyan 2. A Satumban 2023 Schofield ya bar kamfanin.

Kuma kuɗin nan da kansu suna cikin matsalar. In ka zuba miliyar 100 dole ka nemi mutum miliyan biyar su saya, mutum miliyan biyar kuwa ba duka ke son a hana su barci ba, yawancinsu so suke su ji su jarumai ne, sai a ƙara faɗa a rage duhu da shiru. Haka ta faru da Resident Evil 6 a 2012 da ya koma kamar fim ɗin yaƙi, sai da Capcom mai wasan ta dawo ta ƙanƙance abin a Resident Evil 7 na 2017, gida ɗaya cikin fadama da iyali ɗaya, sannan tsoron ya dawo. Amnesia na 2010 mutane ƴan ƙalilan ne a Suwidin sunka yi shi, ko makami babu a ciki, fitilar hannu kawai da gudu.

Yanzu bari in taɓa naka ɓangaren, kuma ba faɗa nake maka ba. Shekara huɗu kana buga wanga wasan a cikin kanka. Kana bisa kabu-kabu kana buga shi, kana kwance kuran ya ɗauke kana buga shi, duk jaka ɗaya da ka ajiye sai wasan da ke kanka ya ƙara kyau, to babu kamfanin da ke duniya da zai iya yin wanda zai kamo wancan, don wancan kai ka ƙera shi daidai da kai, irin Dodon kaka. Akwai misali da kowa a harkar nan ya sani. A watan Agusta na 2014 anka saki wani ɗan gajeren wasa kyauta a PS4 mai suna P.T., lungu ɗaya ne na cikin gida kana ta zagaya shi yana canzawa kaɗan-kaɗan, ashe tallan sabon Silent Hills ne na gwanin ƙera wasanni Hideo Kojima da mai shirya fim Guillermo del Toro. A Afrilun 2015 Konami, kamfanin da ke da wasan, ta soke aikin ta cire P.T. daga shagon PlayStation. Har yau mutane na cewa da ya fito da babu kamarshi, kuma za su ci gaba da faɗa har abada don bai fito ba balle a ga aibinshi. Wani abin da zai ba ka mamaki, a 2019 wani mai tone-tonen cikin wasanni ya juya kamarar P.T. ya gano cewa fatalwar matar da ke cikin wasan tana manne a bayanka tun daga lokacin da ka ɗauki tocila, tana binka duk inda ka yi, ba ka taɓa ganinta a wurin ba sai dai inuwa da motsi. Kishiyar wannan sa rai kuma ita ce sabon Silent Hill 2 da Bloober Team na ƙasar Folan sunka yi, kafin ya fito mutane sun gama yanke mishi hukunci cewa za a ɓata musu abin ƙaunarsu, da ya fito 8 ga Oktoba 2024 sai yabo ta ko'ina. Wasan na da kyau da gaske, amma shigarshi da anka yi ba tare da sa rai ba ita ma ta ƙara mishi.

Talla kuma ga wasan tsoro guba ce ta musamman. Na tabbata cikin shekarun nan ba bidiyon Callisto da ba ka kalla ba, kowane forfe ka saka sai ka leƙa. To kowane ɗaya ya nuna maka dodo a fili, ya nuna maka yadda ake mutuwa, ya nuna maka wuraren da sunka fi kyau, ka iso wasan ka riga ka san fuskar kowa. Ga shi hotunan talla daga manyan injuna ake ɗaukarsu, kai kuma a PS4 ka buga. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, a 2013 ma an yi Aliens: Colonial Marines da abin da anka nuna kafin fitowa ya sha bamban da abin da anka sayar har magana ta kai kotu a Amurka, Sega ta yarda ta biya dala miliyan 1.25. Ni dokar da na sa ma kaina, in wasan tsoro ne talla ɗaya nake kallo, na farko, daga nan na rufe ido har ya zo hannuna.

Sai yadda ka buga shi. Da rana, ɗaki cike da abokai, wannan na ba da shawara wancan na dariya, fanka na kaɗawa, wataƙila ma janareton maƙwabta na ruri, sauti na fita ta ƴar lasifikar tele. Ko Alien: Isolation ka buga haka wasan dariya zai koma. Rabin tsoron waɗannan wasannin a kunne yake, masu yin su suna ɓata watanni a kan ƙarar da za ta fito ta bayanka ta hagu, lasifikar tele kuwa dunƙule komai take ta watso maka ta gaba. Na san ba kowa ke da zaɓi ba, wani lokacin sanda kuran ya zo shi ne lokacin wasa, amma in da hali ka bari sai bayan isha'i, kai kaɗai, ka kashe ƙwan ɗaki, ka soka kask a jikin manet ko da na salula ne, kuma wurin da wasa ke cewa ka daidaita haske har alamar ta kusa ɓacewa ka bi abin da ya ce, kar ka ƙure hasken don ka ga komai. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a zama ɗaya, bayan haka jiki na sabawa, ka kuma samu ka tashi asuba. Ƙannenka kuma kar su zauna, lambar 18 da ke jikin kwalin ba ado ba ce, ni a shagona ba na sa ma yara irin waɗannan ko sun biya.

Batun ko ka sake sa rai, ka sa mana, amma kar ka sa kuɗi kafin ka ga kaya, ba a cinikin biri a sama. Waɗanda sunka biya Callisto tun kafin ya fito dalar Amurka 70 sunka ba da a PS5, sama da jaka 40 ke nan, wata goma bayan haka a Oktoban 2023 anka ba da shi cikin wasannin wata na masu biyan kuɗin rajistar PlayStation Plus, a Agustan 2024 kuma shagon wasanni na Epic ya raba shi kyauta ga masu kwamfuta. A Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, in ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba kuma ba a yi kwana 14 ba ana mai da maka kuɗinka, a shagon PlayStation kuwa da ka fara sauke wasan magana ta ƙare sai in lalatacce ne, faifan da anka kawo maka daga wata ƙasa kuma ka san ba mai karɓa. Mu da wasa ke iso mana a makare wannan makarar riba ce, kafin ya zo duniya ta gama tace shi. Ka jira sati biyu bayan fitowa, ka nemi ra'ayin waɗanda sunka gama shi, ba waɗanda sunka buga awa ɗaya ba, kuma tambaya ɗaya za ka nema amsarta, shin a tsakiyar wasan har yanzu suna jin tsoron buɗe ƙofa ko sun koma farauta.

Sabon Dead Space da sabon Silent Hill 2 ba su hawa PS4, kar wani ya ruɗe ka ya sai da maka. Amma injinka na ɗaukar Resident Evil 7, da Outlast, da tarin Amnesia, da Alien: Isolation duk da shi ya yi tsawo fiye da kima wajen ƙarshe. Ni da zan zaɓa maka da sabon Resident Evil 2 na 2019 za ka fara, kuma ina da faifanshi, ka biyo shago ranar Alhamis da naka Callisto ɗin mu yi musaya na sati biyu, akwai wani da ke ta tambayata shi. Kar ka kalli komai a kanshi kafin nan. Abu ɗaya kawai zan gaya maka don kar ka ajiye manet ka ce an cuce ka, in ka kai wani wuri cikin ofishin ƴan sanda za ka fara jin takun takalmi mai nauyi a saman bene yana yawo, mai takun ba ya mutuwa, kar ka ɓata harsashinka a kanshi, gudu da harbi su ke kiranshi, kuma ƙananan ɗakunan da ke da tafireta bai shigarsu amma babban zauren tsakiya yana shiga.